Famfon da Ya Koyi Lokutan Salla

Shekarar da aka kafa mana famfo mai aiki da hasken rana a lambunan bayan Filinge, ni aka ɗora wa rabon ruwa. Injin yana da wani ɗan akwati da ke buɗe wa kowane lambu ruwa a kan kari, amma da lambobi da Faransanci ake ba shi umarni, ni kuwa ajami na sani. Mako uku ke nan albasar mutane tana ƙuna saboda kuskurena, har an fara cewa a karɓi aikin a ba wani.

Sai Allah ya kawo ɗiyar ƙanwata daga Yamai, wadda sana'arta rubuta wa na'ura umarni. Ta ce akwai kayan aiki da ake ƙera wa na'ura ƙaramin harshe da su: kai ne za ka zaɓi kalmomin, ka tsara yadda za su jeru, ita kuma ta ƙi duk abin da ya saɓa. Na ji daɗi har na kasa zama. Muka shimfiɗa tabarma a zaure, ta buɗe ordinatar, wato kwamfutarta, muka yanke cewa kowane layin umarni abu uku ne: lambun wa, yaushe, tsawon nawa. Ta kuma sa allon wayata ya karɓi ajami.

Gwajin farko ya watse. Ta sa ƙarfe huɗu, ruwa ya zo daidai, ya tarar ba kowa, duk muna masallaci. Ya cika kwalbati ya bi hanya. Na gaya mata a nan ba mai cewa ƙarfe huɗu, bayan la'asar ake cewa, la'asar kuwa tana matsawa da rana.

Ta yi dariya ta ce, "Kawu, kenan injin ma sai ya bi liman?"

Na ce, "Ɗiyata, in yana son zama da mu, dole."

Kwana biyu ta yi tana koya masa asuba, hantsi, azahar da la'asar, yana lissafa su daga tafiyar rana, da ɗan jinkiri don masu doguwar addu'a irina.

Ran kasuwa motarta za ta tashi, ta ce ba za ta taɓa komai ba, ni zan rubuta. Na yi bisimilla, na rubuta lambun maƙwabciyata, bayan la'asar. Akwatin ya ƙi, ya nuna mini saura abu ɗaya. Na duba, ashe ban faɗi tsawon ba. Na ƙara rabin awa, ya karɓa.

Da muka sallame sallar la'asar, ban tsaya gaisuwa ba, na nufi lambu da sauri, takalmi ɗaya a hannu. Masu cewa a karɓe aikin suna biye da ni. Muna isa bututun ya yi tari sau biyu, ruwa ya kwararo cikin albasa. Na yi hamdala. Babbansu ya duƙa ya taɓa ƙasar, ya ce gobe a sa nasa da hantsi.