Bappa Sale, Mai Kai Labarin Rasuwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Bappa Sale, ƙanin mahaifina, malamin Turanci da ya yi ritaya a Pantami, cikin garin Gombe. Zan fara da neman afuwa. Wataƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini, don ban tabbata ba ko duk abin da nake tunawa da idona na gani, ko ji na yi a gida.

Abin da ba na shakka a kai shi ne aikin da unguwa ta ɗora masa. Idan aka yi rasuwa, shi ake turawa ya faɗa wa uwa ko mata. Yawancinmu mukan ce, "Jikin ne ya ɗan tsananta, ki shirya mu je," sai baiwar Allah ta iso ta tarar da tabarmi a ƙofar gida. Bappa ba ya yin haka. Yakan yi sallama, ya zauna a ƙasa, ya roƙi ruwa, sannan ya faɗi maganar kai tsaye. Bayan nan duk abin da mai baƙin cikin ta ce, ba ya musu. Har Mama Nkechi mai shago a Dawaki, da mijinta ya rasu, 'yan cocinsu Bappa suka nema ya raka su.

Ina jami'a a lokacin, nakan kai shi a babur. Wata rana na ce masa ina ganin kamar yana saurin faɗar maganar, ba ya tsayawa lallashi. Ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan boko, me Bature ke nufi da soothe?" Na ce lallashi, kwantar da hankali. Ya ce kalmar ta fito ne daga wata tsohuwa, sooth, wato gaskiya, kuma ma'anarta ta farko ita ce tabbatar da cewa magana gaskiya ce. "To ka gani. Ka faɗa mata gaskiya, sannan ka ba ta gaskiyarta."

Daga baya na duba ƙamus. Iya fahimtata, Bappa bai yi kuskure ba, sai dai akwai zangon da ya tsallake. Kafin kalmar ta zama lallashi, ta ɗau lokaci tana nufin amsa wa mutum "haka ne" don kawai a faranta masa. Ban sani ba ko ya san wannan ya ƙyale. Ni ba masanin harshe ba ne, amma abin ya daɗe yana damuna.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da hoton mamaci ke yawo a waya tun ba a yi masa wanka ba. Ba na jin zai zagi waya. Ina zaton zai ce in tayar da babur, mu riga wayar isa.

Watan jiya Habu, ɗan Goggo Dija ƙanwar Bappa, ya rasu a asibiti bayan gajeren zazzaɓi. Goggo tana Kwadon, tana fama da hawan jini, jikokinta kuma kowa da wayarsa. Mahaifina ya dube ni ya ce, "Nura, kai ka fi bin Sale." Tun daga Gombe nake tsara yadda zan ce jikin ne ya tsananta.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tire. Na zauna a ƙasa, na roƙi ruwa. Ta dubi kujerar da na bari, ta ajiye tiren a hankali.

"Yau kai ne da zaman Sale? Wane ne?"

"Habu ne, Goggo. Allah ya yi masa rasuwa da safen nan."

Ta yi salati. Can ta ce, "Na ce masa kada ya koma aiki da zazzaɓin nan. Bai ji ba." Bakina ya cika da cewa kwana ne ya ƙare, kuma likita bai ɗora wa aikin laifi ba. Na haɗiye, na ce, "Gaskiyarki, Goggo, kin faɗa masa." Ta maimaita, ni ma na maimaita. Sannan ta miƙe da kanta ta ɗauko mayafi. Muna ƙofar gida wayar jikarta ta fara ƙara.

Har yanzu ban san wace ma'anar na bi ba a ranar, ta gaskiya ko ta amsa "haka ne". Ta dai faɗa masa ɗin, wannan ba ƙarya na yi ba. Sauran kuwa na bar wa Allah. Bappa bai bar gida ko gona ba, amma ya bar wannan zama a ƙasa, wanda ƙanwarsa ta gane bayan shekara bakwai, ta samu ta ajiye tire kafin magana ta iso.

Ina roƙon waɗanda Bappa ya taɓa zama a tsakar gidansu, idan na kauce a wani wuri, su aiko da gyara ta wannan jarida. Musamman abu ɗaya: yakan sha ruwan kafin ya faɗa, ko ajiyewa yake yi? Ni ban iya sha ba. Ina son in sani, domin ina jin za a sake tura ni.