Mayen Ƙarfen Baba Sale

Kafin a san ni da zamba, ni kafinta ne a Kankiya, kuma ba kafintan banza ba. Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni sun riga sun gane ni, waɗanda ba su san ni ba kuwa labarin ne zai amfane su. Ku matasa masu koyon sana'a nake wa wannan rubutu, don har yau na kasa zama wuri guda, kuma ina so ku san dalili.

A hannun Baba Sale na tashi, dattijon da ya koya mini aiki tun ban iya riƙe zarto ba. Mu ba masu kujera da gado ba ne. Aikinmu manyan katakai ne masu kwana a waje: rumfar kasuwa, ƙofar garke, mazaunin tankin ruwa. Irin wannan aiki ƙusa ba ta riƙe shi. Da wani babban sukuru muke ɗaure shi, mai kaurin ɗan yatsa, kansa irin na noti, da sufana ake juya shi. Sai an fara huda katakon, a goga wa sukurun sabulu, a sa masa washa, sannan a ɗaure a hankali. Wanda ya yi gaggawa ya karya shi a ciki, ranar zai sha faɗa har la'asar.

Sukurun nan iri biyu ne, a ido kuwa kamar tagwaye. Akwai na farin ƙarfe wanda ba ya tsatsa, daga Kano ake kawo shi da tsada. Akwai na baƙin ƙarfe da aka shafa wa ƙyalli, mai arha, wanda in yana shan ruwa damina biyu sun ishe shi ruɓewa. Baba Sale yana da mayen ƙarfe da ya ciro daga lasifikar wata tsohuwar rediyo, kullum yana aljihunsa tare da goro. Kowane sukuru sai ya kanga masa shi kafin ya bar shago. In ya manne, na bogi ne. In ya zame ya faɗi, na gaske ne. Nakan tsokane shi in ce ko Inna matarsa sai da ya gwada ta da mayen ƙarfe kafin ya aura. Sai ya yi dariya ya ce shi ƙarfe yake gwadawa, ba ya gwada mutum.

Da guda biyu na fara. Mun gama wata rumfa suka rage, na jefa su aljihu na ce ai ba na kowa ba ne. Ran kasuwar Kusada wani mai sayar da kayan gini ya gan su a hannuna, ya saya, ya ce in na sami wasu in kawo. Ko gezau zuciyata ba ta yi ba. Daga ragowa na koma rage na aiki, inda ya kamata a sa huɗu in sa uku. Mutumin nan ne ya koya mini abin da ya ƙarasa ni. Ya ce don me zan wahalar da kaina da ragi, alhali zan iya kawo masa na gasken duka, ya ba ni na bogi masu ƙyalli, ya cika mini da kuɗi?

A lokacin gwiwa ta fara damun Baba, ya sakar mini aikin ƙauyuka ni kaɗai. Zai zauna a shago ya gwada sukurun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su a buhu, ya sa mini albarka. Ni kuma in ɗora a babur, in ratse ta Kusada in musanya. Ba kullum nake yi ba. Wani aikin in musanya, wani in bari, yadda aljihuna ya kwana dai. Ku riƙe wannan, don shi ne ya zame mini azaba daga baya.

Mutanen wani ƙauye kusa da garin Boko suka haɗa ƙarfi suka haƙa rijiyar burtsatse, suka sayi tanki. Ƙarfinsu bai kai na mazaunin ƙarfe ba, Baba ya ce musu katako mai ƙwari zai ɗauka in dai an ɗaure shi da sukurun kirki, suka yarda saboda sunansa. Na san tanki kullum cikin ɗiga yake. Na tsaya a bakin shagon mutumin nan da buhu a hannu, zuciyata tana cewa ban da wannan. Amma ina son sauya babur. Na shiga.

A damina ta uku aka aiko cewa katako ɗaya ya fara sunkuyawa. Baba ya ce shi zai je da kansa, tunda da bakinsa ya yi musu alkawari. Da safen nan ya dube ni ya ce, “Ɗana, ko akwai abin da za ka hwaɗa mini kan aikin ga?” Na ce babu, Baba. Kalma ɗaya da ta hana shi hawa tsanin nan, na haɗiye ta don tsoron kunya.

Ni na riƙe masa tsanin. Yana taka katakon sama ya ɓalle, tankin ya karkace, Baba ya faɗo, katako ya bi shi ya danne masa ƙugu. Mutane suka taru ana salati. Wani ya tsinci guntun sukuru a cikin laka, ya yi ja, ya sirance kamar tsinke. Baba yana kwance yana nishi ya ce a ciro mayen ƙarfe daga aljihunsa. Aka kanga. Sukurun ya yi tsalle ya manne. Idonsa kawai ya juyo kaina, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Bai mutu ba, amma bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Mutanen ƙauyen suka kai ni kotu, ban yi musu ba, aka yanke mini shekara biyu. Mai kayan ginin nan ya rantse bai taɓa ganina ba.

A gidan yari ba yunwa ce ta fi cin raina ba, hadari ne. Da na ga gari ya haɗe sai in miƙe in yi ta kai da kawo, har 'yan ɗakinmu suka sa mini suna mai sintiri. Ina tuna rumfunan da mata ke zama ƙarƙashinsu da tallar fura, da marfin rijiyar da ake takawa a ja guga. Na aika wa matata ta gargaɗi waɗanda na tuna. Amma wanne na musanya, wanne na bari? Na yi ta juya kaina, abin ya cakuɗe mini. Kan sukurun yana nan yana ƙyalli a waje, ɓarnar tana can cikin katako inda ido ba ya kai.

Ranar da na fito ban je gida ba, gidan Baba na wuce. Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame, ƙafafunsa a miƙe kamar ba nasa ba. Na durƙusa na yi kuka, ya bar ni sai da na gaji. Sannan ya ce, “Na yahe maka tun ina asibiti. Amma katakan nan suna can bisa kawunan mutane.” Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini mayen ƙarfen. “Tahi ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In ka gama ka zo mu ci goro.”

Tun ranar nake yawo, daga garin Kafin Soli zuwa Kusada, da sufana a buhu. In na kanga ya manne, in kwance in sa na gaske, da gumin leburancin da nake yi. Wasu su kore ni, wasu su zage ni, wasu su tsaya su riƙe mini tsani. Duk na cancanta. Na tuba ga Allah, ina fatan Ya karɓa.

Baba ya rasu bara ban gama ba, ba mu ci goron nan ba. Akwai wani marfin rijiya da na yi a wata ruga, hanyarta ta ɓace mini, na tambaya har na gaji. Wataƙila na gaske na sa masa. Ban sani ba, kuma rashin sanin nan shi ke tashe ni tsaye duk ranar da aka yi ruwa.

Ku matasa, abin da aka ba ku amana ku sa a cikin aiki, ku sa shi, ko da ba mai gani. Ragowa ku mayar wa mai ita, ko guda biyu ce. In kun riga kun yi ɓarna aka tambaye ku, ku faɗa kafin wani ya hau tsani. In kuma kun ga wani mutum mai furfura yana kanga ɗan ƙarfe a jikin rumfarku, kada ku kore shi. Ni ne, ban gama ba.