Yaya Ummaru da Kunnen Saniyar Dije

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana Ummaru, dillalin shanu a kasuwar Shinkafi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce a karanta mini in ji, kada a ƙara gishiri. Abin da ya tado mini maganarsa wani ɗan abu ne da na gani a kunnen shanun ɗana.

Ɗana na fari ne, don haka sunansa ba ya fita daga bakina. 'Yan kasuwa na ce masa Ɗanjuma, mu bar shi a haka. Sana'arsa lodin shanu zuwa Kudu. Watannin baya ya sa aka maƙala wa shanunsa wani abu rawaya a kunne, kamar babban maɓallin riga, makiyayansa har sun raɗa masa suna 'yan kunne. Ya ce a ciki akwai wata 'yar ƙwaya da ke riƙe da lamba, ba ta da batir. In an kusanto da wata na'ura mai kama da sanda, sai su gaisa ta iska irin ta rediyo, lambar saniyar ta fito, a duba a ga sunan mai ita. Sau uku na sa aka gwada a gabana, domin ni ba a gaya mini abu in ce to.

Ashe ma na taɓa gamuwa da irinsa. A Makka, katin ɗakin masaukinmu kara shi kawai ake yi a jikin ƙofa ta buɗe. A wani kanti kuma wata 'yar ayarinmu ta fito da abaya a hannu don ta duba launinta a hasken rana, ƙofa ta kama kuka, baiwar Allah ta yar da abayar tana salati. Ɗanjuma ya ce duk dangi ɗaya ne. Ya ce a wasu ƙasashe ana liƙa shi a tukunyar gas, da zannuwan asibiti masu zuwa wanki, da akwatunan kaya a masana'anta, har da ƙafar jariri don kada a yi musaya. Ina jinsa, amma hankalina yana wurin kunnen saniya.

Shekarun farko na jiharmu ne, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba. Mun yi murna, ni ma na yi, domin ɓarayin shanu sun ishe mu. Kowa ya san abin da ke jiran wanda aka tabbatar ya yi sata: hannunsa na dama. A lokacin ne Ɗanjuma, yana magidanci da 'ya'ya biyu, ya sayi wata farar saniya a bakin hanyar kasuwa daga hannun baƙo, ba dillali, ba shaida. Ya ga araha, ya yi gaggawa. Alhamis ta zagayo ya kai ta Shinkafi, sai wani makiyayi mai suna Sambo, daga wata ruga kusa da Dauran, ya riƙe igiyar ya ce tasa ce, ta ɓace daga garkensu. Ya nuna tsaga biyu a bakin kunnen dama, alamar gidansu da kowa ya sani. Aka ce Ɗanjuma ya kawo wanda ya sayar masa, bai san ko sunansa ba. Aka tsare shi, magana ta nufi gaban alƙali.

Yaya ya zo ya same ni a Kaura ina tankaɗe. Ga abin da na ce masa, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kwanan nan. Na ce, "In ya ɗauka, a yanke. Ban haifi ɓarawo ba." Kunyar ɗan fari ta hana ni nuna damuwa, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: na yi zargin yaron a raina, domin na san shi da son abin sauƙi.

Yaya ya dube ni ya ce, "Ke Kulu, kin ga saniyar?"

Na ce ban gani ba.

Ya ce, "To mi kika sani? Ci gaba da tankaɗenki."

Ya koma inda aka ɗaure saniyar. Waɗanda ke wurin sun ce bai ko kalli kunnen dama ba. Na hagu ya kama, ya bi shi da yatsa har gindi, inda gashi ya rufe, ya tsaya. Akwai wani ɗan tabo a wurin, yanka ƙarami da ya warke tun tana maraƙa. Yaya ya yi shekaru yana sayar wa marigayi mahaifin Sambo shanu, ya san halinsa. Duk maraƙar da tsohon ya ba ɗiyarsa mace, yakan ƙara mata wannan yanka da hannunsa, ta ci gaba da kiwo cikin garke amma ba ta garke ba ce. Ya ce wa Sambo, "Ɗan Ardo, wannan ta wata ɗiyar gidanku ce. Wace ce aka aurar kwanan baya?" Sambo ya ce Dije, tana Birnin Tsaba, amma shi bai san da wata kyauta ba.

Da damina ne, hanya ta ɓaci. Yaya, da ciwon gwiwarsa, ya hau mota har inda ta tsaya, ya ƙarasa da ƙafa. Ya sami Dije. Da farko ta ƙi magana, sai da ya gaya mata hannun mutum ne za a yanke. Ta fashe da kuka. Ciwo ne ya kama ɗanta, ta san Sambo ba zai yarda a taɓa garke ba, sai ta aiki mijinta ya kore saniyarta daga wurin kiwo ya sayar a ɓoye. Ita da mijin suka biyo Yaya, suka faɗa da bakinsu a gaban alƙali. Rana ta tara aka saki Ɗanjuma da hannuwansa biyu.

Ban da lafiyar tunani in na ce ban yi godiya da 'yan kunnen nan ba. Kwanaki wani bijimin Ɗanjuma ya bi wani garke, aka gan shi a kasuwa, aka kara sanda, magana ta mutu kafin a ɗaga murya. Da Yaya na raye, na san zai karɓi sandar ya juya ta, ya yi dariyar nan tasa, ya ce ta rage masa tafiya. Ba mai ƙin sabon abu ba ne. Amma na san tambayar da zai yi: wa ya gaya mata sunan? Na'urar abin da aka rubuta mata take faɗa. Da akwai ta a wancan lokacin, da sunan gidan su Sambo za ta nuna, domin tsohon bai gaya wa kowa kyautarsa ba sai kunnen maraƙa. Kuma da jama'a sun ce ai na'ura ta faɗa, ba wanda zai taka zuwa Birnin Tsaba. Shi ya sa nake bin Ɗanjuma da ido. Duk saniyar da ya sayar ko ya bayar, sai na tambaya ko an sauya sunan, har ya fara ce mini sufeto.

Yaya bai bar gida mai bene ba, bai bar garke ba. Ya bar mutum ɗaya da ke cin abinci da hannunsa na dama, ya kuma bar ni da nauyin maganar da na yi ina tankaɗe. Har ya koma ga Allah bai taɓa tona ni ba, ko da wasa.

Shekaranjiya, da aka gama sadakar tunawa da shi, na sa aka kira mini Ɗanjuma. Na juya masa baya kamar yadda na saba, na gaya masa abin da na ce a ranar, kalma da kalma, na ce ya yafe mini. Sai ya ce, "Inna, ran da anka sake ni, Kawu ya ce mini ke kika tashe shi, kika ce kada ya dawo sai da ni."

Ban aike shi ba. Allah Ya kai haske kabarinka, Yaya.