Faifan Gwajin Nives

Ermes mai gyaran rediyo ne a Cattolica, garinmu na bakin teku, kuma aminina tun muna yara. A ɗakin bayan shagonsa ya kafa ɗan kamfanin faifan disko, ya sa masa suna Garbino, sunan iskar nan mai ɗumi da ke hana mu sukuni. Ni ne mai ɗaukar kwalaye.

Yana da ƙa'ida. Kafin a buga waƙa, sai a yanka faifan gwaji guda ɗaya, mu kai gidan rawa ran Lahadi da la'asar. Ba ya kallon fuska, ƙafafu yake kallo. Faifansa na farko, da wani masunci ya rera, har Jamus an taka shi. Na biyu kuwa ya ƙi buga shi, don ya ga 'yan mata sun koma kujera.

Na ce, "Ermes, ai takalma ne ke matsa musu."

Ya ce, "Kai dai ɗauki kwali, Oriano. Kunnenka na ado ne."

Faifan gwaji laushi gare shi. Duk sawa ɗaya, allura na cin sa, har ya ƙare.

Waƙar ƙarshe matarsa Nives ce ta rera. Ta rasu kafin a gwada, sannan ruwa ya shiga shagon ya lalata tef ɗin asali. Muryarta ba ta rage ko'ina ba sai a wannan faifai. Na roƙe shi mu kwafe a kaset.

Ya ce, "Abin da ƙafa ba ta shaida ba, ba na kwafa. Ko na Nives ne."

Amma ya kasa kai shi gidan rawa. Shekaru suka shuɗe, kamfani ya mutu, muka yi furfura.

Bara, da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya ce in ɗauko faifan. Muka je gidan rawar, inda yanzu tsofaffin 'yan matan nan ke zuwa da jikokinsu. Aka ɗora allura. Ganga ta fara, sai ga Nives, garau, kamar tana bayan ƙofa. Ban san lokacin da kujeru suka zama wayam ba.

Suka ce a maimaita. Na rufe faifan da hannuna.

"Zai cinye, Ermes."

"Cire hannunka, tsoho. Dubi ƙafafu."

Aka sa, aka kuma sa. Muryar na dusashewa, shi kuwa idonsa na ƙasa, hawaye na zuba. Can sai ƙarar allura da ɗan dukan ganga suka rage. Amma rawa ba ta tsaya ba, don mutane sun haddace amshin, suna rerawa da bakinsu.

Ran da muka kai Ermes makwancinsa, wata tsohuwa ta ɗauko amshin a ƙofar coci, sauran suka karɓa. Ni dai na kasa. Ƙafafunsu na tsaya kallo.