Fiffiken Roba a Kujerar Bishof

Shekara huɗu na yi ina sassaƙa a wani shagon gyaran tsofaffin kayan ɗaki a Birmingham. Mai shagon Bature ne dogo, kullum tabarau a tsinin hanci. Ya iya zance da masu tsofaffin gidaje, ya san sunan kowane salo da zamaninsa, amma in ka miƙa masa cizal, ƙarfen sassaƙa, bai san ta ina zai kama ba. Ni kuwa a Jos na koyi aikin, muna yi wa coci-coci benci da mumbari. Mu biyu ne ma'aikatansa: ni, sai wata dattijuwa mai manna zinariya, wadda kullum take raba mini biskit ɗinta da rana.

Wata rana aka ba mu gyaran kujerar bishof ta wani tsohon coci. Na raka mai shagon ɗauko ta, kuma ban taɓa shiga gini irin wannan ba. Salon da suke kira Barok ne: ginshiƙai masu kauri, rufi cike da furanni da ganyayen da aka fitar da farar ƙasa, ko'ina ka duba wani abu yana lanƙwasa yana naɗewa, ba inda aka bar wa ido ya huta. Kujerar ma haka take. Ƙafafunta kamar na zaki, a saman majinginar kuma jariran mala'iku biyu masu kumatu. Fiffiken ɗaya ƙwari sun cinye shi, in ka taɓa sai ya zube kamar gari.

Lokacin gwamnati na ta yanke tallafi, kansil na rufe ɗakunan karatu. Mai kula da cocin, wata tsohuwa mai sanda, ta gaya mana cewa da sayar da kek da tsofaffin littattafai suka haɗa kuɗin gyaran. Ta roƙi abu ɗaya, a yi sabon fiffiken da itace irin na asali.

Sati uku na yi a kansa. Gashi ɗaya bayan ɗaya na fitar, har na riƙa mantawa da shayi ya huce a gefena. Saura kwana biyar a mayar da kujera, mai shagon ya ɗauki fiffiken don ya nuna wa wani baƙo, yana ta kaɗa hannu yana bayani. Ya suɓuce masa, ya ja da baya, ya taka shi. Ina tsaye na ji ƙarar.

Bai ba ni haƙuri ba. Da baƙon ya fita sai ya tattara gutsattsarin ya manne su da gam, ya kai wa wani ya yi mazubi da su, aka zuba wata irin roba mai daskarewa. Dattijuwar ta lulluɓe shi da zinariya ba ta ɗaga kai ba. In ka gani sai ka rantse itace ne.

Na ce masa, "Oga, wannan ba shi suka ce a yi ba. Ka roƙe su sati uku, in sake wani."

Ya ce, "Wa zai sani?"

Na ce, "Ni na sani."

Ranar Juma'a ya sallame ni, wai aiki ya ja baya. Da a nan ya tsaya, da na haƙura. Amma duk shagon da na je neman aiki, sai a dube ni a ce babu. A na huɗu ne wani ya ji tausayina ya gaya mini gaskiya: ogan ya bi su da waya, ya ce ina fasa kayan mutane in ɓoye, kuma kada a bar ni ni kaɗai da abu mai daraja.

Muka tattara muka koma Manchester, inda matata ta samu aiki. Muka kama ɗaki biyu a unguwar Whalley Range, a wani tsohon gida da aka yayyanka ɗaki-ɗaki. Ni kuma na shiga aikin kula da tsofaffi, wanka da canza zanin gado. Ba na raina aikin, amma sabulu ya tausasa mini tafin hannu har kantar ta ɓace. Cizalolina suna naɗe a ƙarƙashin gado. Duk Lahadi a coci, in addu'a ta zo wurin yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in rufe bakina har a wuce.

Matata ta lura. Ta ce, "Baban yara, ka bar wa Allah mutumin nan."

Na ce, "Na bar masa. Amma in Allah ya aike ni, zan je."

Bayan shekara biyu dattijuwar nan mai manna zinariya ta turo mini katin Kirsimeti. A ƙasa ta rubuta cewa abubuwa sun fara kyau, wani babban gidan tarihi zai ba su gyaran kujerun ɗakin cin abinci gaba ɗaya, saboda cocin ya yabe su. Har an gayyaci oga ya yi jawabi a cocin, mutanen gidan tarihin za su zo. Da zuciya ɗaya ta rubuta. Ni kuwa na nemi hutun ranar tun da wuri.

Na sa kwat ɗina na zuwa coci, na hau bas tun da safe. Na zauna a bencin baya. Mutane ba su da yawa, galibi masu furfura. Ogan ya tsaya kusa da kujerar yana shafa ta, yana ba da labarin yadda ya zaɓi itacen, yadda ya bi jijiyarsa da cizal. Na bar shi ya gama, aka tafa masa. Da aka ce ko akwai mai tambaya, na miƙe.

Da ya gan ni, ya janye hannunsa daga kan kujerar.

Na ce, "Wane fiffiken ka sassaƙa, na dama ko na hagu?"

Ya ce na hagu.

Na juya ga tsohuwa mai sanda. Na ce, "Mama, ki ɗauki makulli ki ɗan kankare bayan kowanne, inda ido ba ya gani. Itace zai ba ki ɓawo. In kika ga farin gari, ki tambaye shi wace bishiya ce."

Ogan ya fara cewa ni korarren ma'aikaci ne mai riƙo. Na ce ƙwarai kuwa. Tsohuwar ba ta kula mu ba. Ta jingine sandarta, ta zaga bayan kujerar a hankali, muna jin ƙarar makullin. Ta fito da farin gari a yatsarta, ta shinshina, ta miƙa masa yatsar har gaban tabarau. Mutum biyun da suka zo daga gidan tarihin suka haɗa takardunsu.

Na tsaya har aka raba shayi. Na sha kofi biyu, na ci kek, ina kallonsa yana neman wanda zai tsaya ya saurare shi.

Bai samu aikin ba, kuma kafin shekara ta zagayo shagon ya rufe. Cocin suka nemo ni, na sake musu fiffiken a kan teburin kicin ɗinmu, da ranakun hutuna. Wanda aka cire na roba kuwa na roƙa aka ba ni, na naɗe shi da kyau na aika wa ogan ta gidan waya, ban sa ko takarda ba.

Dattijuwar ita ma ta rasa aikinta, ga shi shekarunta sun ja. Na kira ta sau uku ba ta ɗauka ba. A na huɗu ta ɗauka, ta ce, "Da na san abin da za ka yi da katina, da ban aiko ba," ta kashe. Wannan ya dame ni, har yau yana damuna. Matata ta tambaye ni ko da na san haka za ta kasance zan fasa zuwa. Na duba zuciyata da gaske, sannan na ce mata a'a, da na je.