Mai Ɗanɗana Gishirin Layinmu

Ni dai Allah ya yi ni da son abinci, kuma ba na ɓoyewa. Mijina yakan ce ko barci nake aka buɗe tukunya sai na juya. A layinmu na Yalwawa wannan hali ya samo mini muƙami. Gidanmu kaɗai ne na Kirista, kuma in watan azumi ya kama matan layin ba sa son kai miya baki da rana, sai su nemi wanda ba ya azumi ya ji musu gishiri. Wa za a nema in ba ni ba? La'asar na yi zan ɗauki mayafi in fara zagaye kamar duba-gari: nan farfesu, can miyar taushe, gaba ƙullun ƙosai da nake nacewa sai an soya mini guda biyu kafin in yanke hukunci. In dawo gida a ƙoshe ban hura wuta ba. Shekara shida ina wannan aiki ban taɓa neman hutu ba.

Babbar mai kirana ita ce Hajiya, dattijuwar da muke katanga ɗaya da ita, matar malamin da ke karantar da yaran unguwa. Malama take ce mini, don ina koyarwa a firamare.

Sai ga shekarar da azuminmu na kwana arba'in kafin Ista ya haɗu da nasu. Ni kuwa tarihina da azumi abin kunya ne. Ban taɓa kai ko mako ɗaya ba, kullum sai in farga da gyaɗa a baki wajen sha ɗaya na safe, in ce mantuwa ce. A shekarar nan abin ya dame ni da gaske, don addu'ata ta koma kamar gaisuwar kan hanya, a ɗaga hannu a wuce. Na durƙusa na yi wa Ubangiji alkawari: daga safe zuwa shida na yamma, har a gama. Fasto ya gargaɗe mu kada mu yi ta shelar azuminmu, don haka ban gaya wa kowa ba sai mijina. Shi ma dariya ya yi har da riƙe ciki.

Ranar farko, ina zaune ina lallashin cikina, muryar Hajiya ta tsallako katanga. "Malama, ki leƙo mana, farfesun ya nuna."

Na shiga. Farfesun kayan ciki ne, ya sha citta da masoro, yana ta ɓararraka. Ta miƙo mini ludayi. A nan na gane Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho, da muryata yake magana, kuma ya iya wa'azi. Ɗanɗano ai ba ci ba ne, in ji shi. Taimakon maƙwabci ma ibada ne. Ki taɓa da harshe ki tofar. Ni kuwa na san kaina, tunda uwata ta haife ni ban taɓa tofar da farfesu ba.

Sai dabara ta zo mini. Na ɗan juya baya, na hura ludayin, na kai shi dab da leɓe ba tare da ya taɓa ba, na yi ta taɓe-taɓen baki kamar mai nazari. "Ya yi, Hajiya," na ce. Haka na yi a gida huɗu. Na koma gida ina 'yar rawa a tsakar gida da waƙar zumuntar matan coci, ina jin na kayar da jaraba ƙasa warwas.

Kwana uku ina "ya yi". A na huɗu wayona ya yi mini yawa. Na ce a raina, mai ɗanɗanon da ba ta taɓa samun kuskure ai za a gano ta. Da Hajiya ta miƙo ludayi na yi wasan da na saba, na ɗan yatsine fuska.

"A ɗan ƙara, Hajiya."

Ta ƙara. "Sake ji, yau malam baƙi gare shi daga Ringim."

Don in nuna ƙwarewa na ce, "Saura ƙiris." Ta sake barbaɗawa.

Hajiya takan miƙo mana kwano ta kan katanga kafin su sha ruwa. Shida na bugawa na yi addu'a, na kai cokali baki. Idona ya kawo ruwa. Mijina ya kurɓa, ya tambaye ni ko a kasuwar gishiri aka dafa. Saura rabin awa a kira magariba, ga baƙi a zaure. Na fita a guje da silifa wari ɗaya.

"Hajiya, ki yafe ni, kada a kai farfesun nan. Azumi nake yi. Kwana huɗu ban ɗanɗana komai ba, ƙarya nake yi muku."

Ta tsaya da faranti a hannu tana kallona. "Ke? Azumi?" Sai dariya ta ƙwace mata har ta zauna a kan turmi. Ba mu da lokacin kunya: muka raba tukunyar biyu, muka ƙara ruwan zafi, muka yanka dankali muka zuba, ni kuma na ɗanɗana da gaske, sau bakwai ma don tabbatarwa. Baƙi suka sha, har suka yaba.

Hajiya tana goge hawayen dariya ta ce, "'Yar nan, da kin faɗa mini ai ni zan tsare miki shi. Wa ya ce ana ɓoye wa maƙwabci azumi har a kai ga ƙarya?"

Na yi ta murnar na tsare cikina, ashe bakin da nake addu'a da shi na saki. Abin ya yi mini ciwo, kuma da na koma gida na faɗa wa Ubangiji haka ba kwana-kwana.

Washegari na bi gidajen nan na ba da haƙuri, na ajiye muƙami. Da la'asar sai ga kiran Hajiya kamar kullum. Ta shimfiɗa mini tabarma can nesa da murhu, inda iska ba ta kawo ƙamshi, ta ba ni shinkafa in tsince tsakuwa. In na karkata wajen tukunya sai ta yi gyaran murya. Da shida ta yi, ita ce ta duba agogo kafin ni. Ta zuba mini dabino uku a tafin hannu, ita tana da sauran rabin awa.

"Naki ya cika, Malama. Sha ruwa."

Na dubi dabinon, na dubi leɓenta da ya bushe. Na rufe hannuna, na ce zan jira ta.