Kafintan Da Aka Raba Da Tsinke

Ni kafinta ne, kuma tun ina yaron shago na mayar da bakina hannu na uku. Maigidan da ya koya mini aiki yakan cika baki da ƙusoshi in zai hau rufi, ni ma na ɗauka ƙa'idar sana'ar ke nan. Haka na girma ina riƙe ƙusa da fensir da haƙori, ina ɓalle murfin kwalbar lemo da haƙorin turmi don in burge abokai. In na tashi daga aiki kuwa, tsinken sakace ne ke karɓar aikin ƙusa. Da shi nake ciniki, da shi nake gaisuwa. A layinmu har an manta sunana, sai dai Mai Tsinke.

Maman yara malamar firamare ce, bakinta bai san gajiya ba, amma a kan wannan sai da ta gaji. Ni ba mai yawan magana ba ne. In ta yi faɗa, sai in juya tsinken daga hagu zuwa dama, amsar ke nan.

Ranar da asirina ya tonu, wata mata ce ta zo duba gadon da nake yi mata. Murfin robar gam ya ƙi buɗuwa, na kai shi baki kamar kullum. Sai na ji ƙas! Rabin haƙorin gaba ya faɗa cikin garin katako. Na durƙusa ina lalube, matar ma ta tattare zani tana taya ni, kamar in mun same shi da gam ɗin zan liƙa.

Likitar haƙorin yarinya ce sa'ar 'yata. Ta gyara shi tsaf, sannan ta leƙa sauran ta girgiza kai.

"Baba, dasashinka duk ya ja da baya saboda sakace. Daga yau ba tsinke, ba tauna ƙanƙara, ba buɗe kwalba. A rage zaƙi kuma."

Na ce to, har da rantsuwar da ba a nema ba.

Ana haka babbar 'yarmu da mijinta suka shirya mana tafiyar hutu, ni da uwarta kawai, a wani otal da ke bakin ruwa. Tun da muka yi aure ba mu taɓa zama mu biyu ba tare da wani yana kuka ko yana neman takalminsa ba. Da za mu shiga mota, 'yar tawa ta tare ni a bakin ƙofa kamar 'yar sanda. Ta zaro tsinke daga aljihun riga, ta zaro daga cikin hula, har wanda na manta a bayan kunne.

"Haba Baba! Da haƙora muka tura ka, da su za ka dawo mana."

Otal ɗin kamar don gwada ni aka gina shi. Kowane tebur da kwalbar tsinke a tsakiya, Maman yara tana ɗaukewa tun kafin mu zauna. Aka kawo lemo da ƙanƙara, na zuba ido har ta narke. An ajiye mana cakulan a kan matasan kai, ta cinye nata, ta cinye nawa, wai taimako ne. Da yamma na riƙe kwalba ba mabuɗi, na daɗe ina kallon murfin yana kallona, sannan na sauka har ƙasa na roƙo mabuɗi kamar mutumin kirki.

Amma bakin da ya saba da aiki bai iya zama haka nan ba. Na shiga kantin da ke gefen otal na zaɓi buroshi mafi tauri, irin wanda zai iya wanke tayal. Na ce tunda an hana ni ɓarna, bari in yi gyara. Bayan kowane abinci in goge, in na sha shayi in goge, in na rasa abin yi ma in goge, da irin ƙarfin da nake murza katako kafin fenti. Ba a je ko'ina ba dasashina ya kumbura ya yi jawur, ina tofarwa ina ganin jini.

Maman yara ta kira likitar a waya, ta buɗe muryar don in ji da kunnena. Sai da yarinyar ta gama dariyarta tukuna.

"Baba, dasashi ba katako ba ne. Ku samo buroshi mai laushi, safe da dare ya isa, a hankali. Ka riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. In kumburin bai sauka ba ku zo in gani."

Haka na ƙare a kan benci a bakin ruwa, ba abin taunawa, ba abin gogewa, ga matata a gefe. Shirun ya yi mini yawa. Ban san lokacin da na ce mata idona ya fara ba ni wahala ba, cewa layin fensir yana rabe mini biyu, kuma ina jin tsoron ranar da zan kasa aiki. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ta juyo ta dube ni da kyau. "Baban yara, ashe kana da murya?"

Ta riƙe hannuna ta ce tabarau ne kawai, da mun koma za mu je a auna. Daga nan bakin ya ɓalle. Na ba ta labarin maigidana, da ranar da na fara ganinta ta zo gyaran bencin ajinsu, da yadda na ja aikin da gangan don ta riƙa dawowa. Ta ce ai ta sani, ita ma ba gaggawa take yi ba.

Kumburin ya sauka kafin mu tafi, haƙorin kuma yana nan daram. A motar hayar da muka shiga za mu dawo, ina cikin ba ta labarin wani kabad da na taɓa yi, na waiga na ga ta yi barci. Sai na juya wajen mutumin da ke gefena na ci gaba daga inda na tsaya. Bawan Allah ya yi ta gyaɗa kai, can ya ce wa direba zai sauka. Ina kallonsa ta taga ya tsaya a bakin titi yana jiran wata motar.